Ranar da Na Sa Hannu a Bokitin Minjirya

A da, idan mutum yana son kifin kallo a Gombe, sai ya zo ya same ni a rumfata da ke bayan 'yan tireda a Kasuwar Gombe, ya faɗi irin wanda yake so, sannan ya koma gida ya jira. Wani ya jira wata guda, wani ya jira har ruwa ya janye bayan damina. Yanzu kuwa yaro yana kwance a ɗaki zai latsa waya, a sako masa kifi a mota daga Legas, ya hau keke ya je tasha ya karɓo leda, ya ɗauki hotonta, shi ke nan ya zama dila. Kwanan baya wasu samari biyu suka zo gidana a Dawaki suna son in sayar musu da tsofaffin akwatunan gilashina, waɗanda su suke kira akwariyom. Ɗaya ya leƙa tankunan simintin da ke tsakar gida ya ce, "Baba, ai wannan bizines ɗin ba wahala. Ruwa ne da leda kawai." Ɗayan ya ce, "Sai kuma data." Suka bushe da dariya. Na ba su akwatunan, ban yi musu gardama ba. Amma saboda su da ire-irensu na zauna na rubuta wannan.

Aikin farko da aka ba ni a wannan sana'a shi ne ɗaure kusurwar leda. A Legas ne, a gidan wani Bayarabe da muke kira Baba Alabi, wanda ke tattara kifin kogunanmu yana aikawa Turai ta jirgin sama. Mahaifina ɗan kasuwa ne daga ƙasar Katsina da ya zauna a Gombe, shi ya aike ni rakiyar motar wake, na ga Legas na ƙi dawowa. Baba Alabi ya zaunar da ni a kan benci da tarin leda da yankakkiyar robar tayar keke, ya ce in tattara kowace kusurwa ta ƙasan leda in ɗaure ta, gindin ledar ya zama zagaye kamar tulu. Dalili kuwa, kifi idan ya tsorata lungu yake nema. Zai cusa kansa a kusurwa, ledar ta manne masa a baki, ya shaƙe ya mutu alhali ga ruwa yana kewaye da shi. Na yi watanni ba abin da nake yi sai wannan, kafin a yarda in taɓa kifi.

Ni dangin tarwada na ƙware a kai, wato kifayen nan masu gashin baki marasa ɓawo a jiki. Turawa ba ruwansu da tarwadar da muke miya da ita. Kurungu suke so, musamman ƙanana masu ado: mai ɗigo-ɗigo kamar damisa, da mai doguwar tuta a baya kamar gashin jimina, da wanda ke iyo a rigingine cikinsa na kallon sama. Wanda ya fi duka wuyar samu shi ne mai jar wutsiya, mai gashin baki reshe-reshe. Kurungu yana da ƙaya uku, ɗaya a gadon baya, biyu a gefe. Da zarar ya razana sai ya miƙe su ya kulle, ba ka iya lanƙwasa su sai dai ka karya. Shi ya sa ba a ɗebo shi da raga, da ƙwarya ake ɗebo shi. Shi ya sa kuma ledarsa ninki uku ce, da takardar jarida a tsakani. Idan ƙayar ta soke ka, ruwan zafi za ka nema ka tsoma hannun, in ba haka ba ranar ba za ka ci tuwo da wannan hannun ba. Kuma yana da murya. Ka kama shi ka ji yana ƙurr-ƙurr kamar ana goga ƙusa a kwano.

Kafin tafiya ana hana kifi abinci kwana biyu ko uku, don kada ya yi amai ko kashi ya ɓata ruwan da zai zauna a ciki. Ruwa kashi ɗaya ake zubawa a leda, a cika kashi biyu da iskar oksijin daga tukunya irin ta masu walda, a murɗe bakin a ɗaure tam. A jera ledojin a akwatin farin soso, a sa kwalbar ƙanƙara da aka naɗe da tsumma a gefe, a rufe, a zagaye shi da salatif. Daga nan doka ɗaya ce, Baba Alabi ya sha maimaita mana ita har da duka: ba a buɗe akwati a hanya. Kifi a duhu kwance yake kamar mai barci. Haske ya faɗo masa farat ɗaya, sai ya haukace, ya miƙe ƙaya, ya huda ledar, ya kuma saki wata yauƙi daga jikinsa wadda ke kashe shi da 'yan'uwansa.

Na yi yawo a kan wannan kifi. Na zauna da masuntan Garwa a Kamaru, waɗanda ke ajiye kamunsu da rai a kwando cikin kogi, su ne suka fi kowa tsabtar aiki. Na zauna da na bakin kogin Lagone a Chadi, masu ƙarfin hali amma masu garaje, rabin kifinsu da karyayyiyar ƙaya yake zuwa. Na je har Kwango sau biyu, inda na ga ana ɗaukar kifi a kwalekwale kwana da kwanaki ana canja masa ruwa da ludayi. A hanya na tsinci Yarbanci da Faransanci da Larabcin Chadi da buroka, Fulatanci kuwa da shi na tashi a nan Gombe. Ko'ina na je wahalar ɗaya ce: ka shawo kan masunci ya daina kallon kifi a matsayin nama. A Numan, inda Gongola ke haɗuwa da Binuwai, na yi shekaru ina lallashin wani masunci mai suna Danladi kafin ya yarda ya riƙa kafa mini gura, wato tarkon kwando da kifi ke shiga ba ya jin ciwo, maimakon raga. Matarsa har ta rasu tana cewa ni ne Alhajin da ke sayen abin da ko mage ba za ta ƙoshi da shi ba.

Da na dawo gida na yi aure na zauna, sai na mai da Gombe zango. In ɗauko daga Numan, in hutar da kifin a tankunan gidana, masu kyau in sa su a mota zuwa Legas, ragowar in sayar a nan. Masu saye ba su da yawa amma masu naci ne: masu otal, da wasu ma'aikata da suka yi karatu a waje, da wani likita a unguwar Federal Low-Cost da ya ce kallon kifi ne kaɗai ke sa masa barci. Likitan nan ne ya matsa mini sai na samo masa minjirya babba.

Minjirya ita ma dangin tarwada ce, amma ba ta da ƙaya. Wuta gare ta. Jikinta luƙui-luƙui kamar an cusa tsumma a safa, idanunta ƙanana, ba ta da kyan gani ko kaɗan. Ka taɓa ta ka ji kamar ka kama wayar lantarki. Ƙarama ta sa ka yi tsalle, babba kuwa tana kayar da ƙato a cikin ruwa. Ba a haɗa ta da kowane kifi a leda, don kafin a isa ta kashe su. Babba ma ba a sa ta a leda sam. A baƙin bokiti mai murfi nake ɗaukar ta, da ganye a ciki don ta ɓuya, in huda murfin in zura siririn tiyo daga wani ɗan famfon iska da ke aiki da batirin babur. Famfon yana ƙugi a hankali, zzzz, duk tsawon hanya.

To ku tsaya ku lissafa kayan aikina: tukunyar iska, da tiyo, da batir mai jar waya da baƙa, da akwatuna naɗe da salatif waɗanda mai su ya ce ba a buɗewa, da wani abu mai ƙugi a cikin but ɗin mota. Shekara da shekaru ba wanda ya kalle su sau biyu. Sai ga shekarun nan da aka shiga tashin bama-bamai a wannan yanki, kowa ya san su. Aka jera buhunan yashi a hanyoyi, fasinja ya sauka ya wuce shinge da hannuwa a sama, mai babur ya tura abinsa da ƙafa. Dare ɗaya kayan sana'ata suka koma kamannin abin da kowa ke gudu.

Direbana a lokacin Hammadu ne, Bafulatani mai tsohuwar fijo, mutum mai kimanin shekara talatin da 'yan kai, dogo, marar yawan magana. Kawu yake ce mini. Shi kaɗai ya iya tuƙa kifi, ba ya taka birki da ƙarfi, ba ya faɗa wa rami. Da abubuwa suka tsananta sauran direbobi suka fara kauce mini, shi bai kauce ba, don a babban shingen da ke kafin a shigo Gombe shugaban masu tsaron ya san mu. Yakan leƙa but ya ce, "Baba mai kifi, wuce."

A bazarar ɗaya daga cikin shekarun nan Danladi ya aiko cewa gurarsa ta kama masu jar wutsiya har guda shida, kuma ga minjiryar likita, tsawonta ya kusa kamu ɗaya. Shida a lokaci guda ban taɓa gani ba, ko a Garwa. Muka je, na hana su abinci, na ɗaure su yadda ya kamata, muka kamo hanya da sassafe. Muna lodi Hammadu ya tsaya yana kallon tukunyar iska, ya ce da Fulatanci, "Kawu, da mun bar wannan a nan."

Na ce, "Idan leda ta sace a Kaltungo, da bakinka za ka hura mata?"

Ya ce, "Da bakina ya fi mini sauƙi." Amma ya ɗauka ya sa a but.

Rana ta take tsaka muka iso shingen. Layin motoci ya yi tsawo, kwalta tana tururi. Tun daga nesa Hammadu ya rage murya ya ce, "Kawu, an canja su." Na duba, ba fuska ɗaya da na sani. Daga baya muka ji cewa kwanaki kaɗan kafin nan an kai wa wani shinge hari, aka kawo sababbin mutane. Juyawa kuwa ba ta yiwuwa, don motar da ta fita daga layi ta juya ita ake fara harbi. Muka bi layi a hankali. Na sauka na ɗaga hannu kamar kowa. Wani matashin jami'i ya ce wa Hammadu ya buɗe but.

Ban ga fuskar jami'in ba, ihunsa na ji. Ya yi baya da gudu yana kiran sunan abin da kowa ke tsoro. Kafin ka ce me, hanya ta watse. Mata suka zubar da kaya suka faɗa gona, direbobi suka bar motocinsu a kunne ƙofofi a buɗe, wani tsoho ya faɗi aka bi ta kansa. Jami'an suka koma bayan buhunan yashi, bakin bindigogi duk ya juyo kanmu. Aka ce mu kwanta. Na kwanta rub da ciki, kwalta na cin kumatuna. Da wurin ya yi tsit, ba abin da ake ji sai famfon nan nawa a but, zzzz.

Aka ce Hammadu ya rarrafo wajensu. Suka tuɓe masa riga, suka ɗaure masa hannu ta baya, suka durƙusar da shi a rana. Ni suka bar ni kusa da mota. Na ɗaga murya da buroka na ce kifi ne, kifi mai rai, na kallo. Wani ya ce in rufe baki.

Shugabansu babban mutum ne mai furfura a gefen kai. Shi da mataimakinsa suka fara shawara da Yarbanci, a zatonsu ba mai ji. Mataimakin ya ce a janye mutane a harbi but ɗin daga nesa. Shugaban ya ce a'a, motocin mutane sun yi kusa, a jira masu kwance irin waɗannan abubuwa su zo daga gari. Sai mataimakin ya ce, "Tsohon ƙila yaudararsa aka yi. Direban ne namu. Motar da za ta zo ta tafi da shi."

A wancan lokaci mutum mai shekarun Hammadu idan aka tafi da shi a kan irin wannan zargi, ba wanda zai ce maka ga ranar dawowarsa. Ko da daga baya an buɗe an ga kifi ne, shi ya riga ya yi nisa. Abin da ya rage shi ne a ga kifin nan kafin motar ta iso.

Na ɗaga kai kaɗan na yi magana da Yarbanci, irin gaisuwar da ake yi wa babba. Na ce, "Ranka ya daɗe, na ji abin da kuka ce. Yaron nan haya na ɗauke shi. Kayan nawa ne, ni na ɗaure su da hannuna. Ku bar ni in buɗe, ku kuna nesa. In wani abu ne, ni zai ci."

Jin harshensu a bakina bai kwantar musu da hankali ba, sai ma na ji an ƙara gyara bindiga. Shugaban ya ce, "A ina ka koyi wannan?"

Na ce, "A Legas, wajen mai gidana, a kan wannan kifin dai."

Ya ce, "Tashi a hankali. Ɗaya bayan ɗaya. Duk abin da ke ciki ka ɗaga shi sama in gani. Ka yi motsin da ban gane ba, ba zan tambaye ka ba."

Na tashi a hankali. Na sauke akwatin farko na ɓare salatif da farce, don ba halin in sa hannu a aljihu in ɗauko wuƙa. Na ɗaga murfi, ranar tsaka ta faɗa ciki. Abin da Baba Alabi ya hana, shi na yi da hannuna. Kifin suka haukace, na ji ƙurr-ƙurr ɗinsu ta cikin leda, na ga ƙaya ta ɓullo ta ninki uku, ruwa ya fara tsiyaya a hannun rigata. Na ɗaga ledar sama, jar wutsiya tana walƙiya a rana. Na ajiye, na buɗe na biyu, na uku, na huɗu. Na fito da kwalaben ƙanƙara na ɗaga. Na kwantar da tukunyar iska a ƙasa na buɗe ta kaɗan ta yi huci, na ce irin ta asibiti ce.

Shugaban ya ce, "Na gani. Saura mai wayar."

Na sauke bokitin da batir. Ya ce in cire waya. Na cire, ƙugin ya tsaya. Na ɗaga murfi. Ruwan baƙi ne saboda bokitin da ganyen, ko ni da ke tsaye a kai ba na hango ta.

Ya ce, "Sa hannu ka fito da abin da ke ciki."

Na ce, "Ranka ya daɗe, bari in tuntsurar da shi a ƙasa ku gani."

"Kada ka karkata shi. Kada ka girgiza shi."

"To akwai ƙwarya a gaban mota, in ɗauko."

"Ba ka shiga motar nan. Hannu na ce."

Na ce, "Wannan kifin wuta gare shi kamar lantarki. Idan na taɓa shi zai buge ni, hannuna zai yi sama, ƙila in yi ihu, ƙila in faɗi. Ka gaya wa yaranka kada su ɗauka wani abu ne."

Mataimakin ya ce, "Ka ji ko? Ya fara kawo dalili." Shugaban bai ce wa yaransa komai ba. Ya ce da ni, "Baba, ni ban san wannan ba. Ka yi tsalle, ba ruwana."

Daga inda yake durƙushe Hammadu ya roƙe ni da Fulatanci, ya ce, "Useni, Kawu, a hankali." Wani ya daka masa tsawa.

Masuntan Lagone sun koya mini abu ɗaya game da minjirya: wutarta tana ƙarewa. Bugun farko shi ne mai kayarwa, na biyu bai kai shi ba, idan ta yi ta bugu sai ta gaji ta zama kamar kowane kifi na ɗan lokaci. Su da jiƙaƙƙen kara suke tsokanarta har ta huce. Ni ba kara, sai yatsu. Matsalar ba zafin ba ce. Matsalar ita ce jiki ba ya shawara da mai shi idan wuta ta shige shi, ga kuma yara masu bindiga da ba su yi barcin kirki ba, yatsunsu a kan kunamar bindiga.

Na durƙusa na zauna a kan dugadugaina yadda ba zan iya zabura ba. Na matse bokitin tsakanin gwiwoyina. Na cire hulata na cusa a baki na cije. Na naɗe hannun riga, na kama damtsen dama da hannun hagu na danne shi a bakin bokitin da duk nauyina. Sannan na zura yatsu cikin ruwan, ina laluben gefen wutsiya.

Ta buge ni. Kamar an ɗaga taɓarya an sauke mini a gwiwar hannu, abin ya bi kafaɗa ya fito ta haƙora. Idona ya yi duhu. Ban san ko na motsa ba, na dai san ban ji harbi ba. Na bar hannun a ciki. Ta sake bugu, ta sake. Yawu ya jiƙa hular, ruwa na zuba daga idona da hancina. Na ci gaba da tsokanarta da yatsa, kowane bugu yana raguwa, har ya koma kamar cizon tururuwa. Sai na saki damtsen, na zura hannu biyu ƙarƙashin cikinta, na ɗago ta a hankali, a hankali, har sama da kaina. Ruwa na bin hannuna zuwa hammata, ita kuma tana lanƙwasa tana buɗe baki.

Sai wani daga bayan buhu ya ce da Hausa, "Kai! Wallahi minjirya ce. Akwai ta a kogin garinmu."

Shugaban ya fito, bindigarsa na kallon ƙasa. Ya zo ya leƙa bokitin, ya sa takalmi ya tuntsurar da shi da kansa, ruwa da ganye suka malale. Ya leƙa but, ya ɗaga taya, ya duba ƙarƙashin kujeru. Ya dawo ya tsaya yana kallon abin da ke hannuna. Ya ce, "Baba, wa ke cin wannan mummunan abu?"

Na tofar da hular na ce, "Ba a ci. Kallo ake yi."

Ya ce, "Kallo? A wannan zamanin?" Ya girgiza kai. Matashin da ya fara buɗe but ya matso yana cewa ƙarya ne, ba kifin da ke da wuta, ya miƙo yatsa. Shugaban ya ce, "Ajiye bindigar tukuna, sakarai." Ya ajiye, ya taɓa. Ɗan abin da ya rage mata ta ba shi, ya yi tsalle yana yarfe hannu yana kiran uwarsa. Nan ne aka yi dariya, har da waɗanda suka fara fitowa daga gona.

Aka kwance Hammadu aka miƙa masa rigarsa. Motar da aka kira daga gari ta iso muna mai da kaya but, shugaban ya je ya yi musu bayani suka juya. Sannan ya sa aka buɗe tukunyar iskata har ta huce gaba ɗaya. Ya ce, "Yau ka gamu da mai haƙuri. Kada ka sake hawa hanya da wannan. Wani ba zai tsaya jin Yarbancinka ba." Ban ga laifinsa ba a ranar, ban gani ba har yau.

Wata mata mai sayar da ruwan leda ta ba ni abin da na zuba wa minjirya. Kurungun kuwa ledojinsu sun huje, ba iskar da zan ƙara musu, ruwan ya yi kauri da yauƙi ya kuma ɗauki zafi. Na juye su a akwati ɗaya na riƙe a cinya ina kaɗa ruwan da hannun hagu, don na dama ya ƙi ɗaguwa. Kafin mu kai Dawaki huɗu daga masu jar wutsiya sun juya ciki. Biyun da suka rage na sa su a tanki, ba su kai magariba ba. Minjiryar ta rayu, ta yi shekaru a falon likita tana cin hanta.

Hammadu ya tsayar da mota a ƙofar gidana. Ya sauke kayan ya jera su a zaure, ya goge but ɗinsa da tsumma. Sannan ya durƙusa ya ce, "Kawu, ka yi mini abin da uba zai yi. Amma ka yafe ni, ni da kifi sai a miya." Na ce na yafe. Har yanzu yakan zo gaishe ni da salla, da 'ya'yansa.

Labarin ya riga ni isa tasha. Daga ranar ba direban da ya yarda ya ɗauki akwatina, ko na Numan ko na Legas, ko da na buɗe masa ya gani. Na sayar wa wani mai walda tukunyar. Na ce zan jira abubuwa su lafa. Da suka lafa na koma Numan, na tarar Danladi ya tsufa, 'ya'yansa sun watsar da gura sun koma raga, ƙananan kurungu kuwa shanya su suke yi a rana. 'Ya'yan Baba Alabi a Legas sun koma sayen kifin da ake ƙyanƙyashewa a tanki a ƙasashen waje, wanda ba a shiga kogi nemansa. Waɗannan shidan su ne masu jar wutsiya na ƙarshe da na gani da rai. Ban sake ɗauko kifi daga Binuwai ba, kuma ba wanda ya gaje ni a wannan hanya.